Rafali Ya Ba Ni Jan Kati

Litinin, da safe, kafin in buɗe kanti

Jiya ƙanena ya kore ni daga ɗakinsa. Ni da na goya shi. Bari in rubuta yadda aka yi tun kafin dangi su juya maganar su ce ni ce mai neman fitina.

Tun farkon wata ya sa aka ɗauke shi daga babban asibiti aka kai shi gidan jinyar nan mai shuɗin get. Gidan da ba a warkar da kowa, sai dai a rage maka zafi, a gyara maka filo, a yi ta maka murmushi. Shi ya zaɓa da kansa. Wai ya gaji. Ni kuwa shekara da shekaru ina tsaye a kantin magani, na ga waɗanda aka fid da rai da su sun dawo da ƙafarsu suna neman ragi. Don haka na nemo wani likita, na kai masa takardun. Ya ce akwai sabon magani. Bai yi alkawari ba, amma ya ce za a iya gwadawa, ya ba mu rana ƙarshen wata. Da saurina na kai wa Rafali labari.

Rafali muke ce masa tun yana saurayi, don shi ke hura wasan ƙwallon unguwa. Mutumin da in ya yi tsawa a fili har bakin titi ana ji. Yanzu ciwon nan ya cinye masa murya, sai ɗan farin allo da alƙalamin rubutu a gefen gado. Na gama bayanina, ya rubuta: A'a. Na sake daga farko. Ya rubuta: Yaya, a'a. Na ce to sai ka gaya wa 'ya'yanka ubansu ragon maza ne. Na faɗa, kuma a gaban matarsa na faɗa.

Ya kalle ni. Sai ya goge allon da hannun riga, ya yi rubutu da manyan baƙaƙe, ya ɗaga sama kamar yana tsakiyar fili: JAN KATI.

Na ɗauka wasa ne, har na fara dariya. Sai na ga nas ɗin, wadda kowa ke ce wa Sista, ta buɗe ƙofa ta riƙe mini.

A baranda ta ce, "Hajiya, ya ce kada a bar ki ki shiga sai ya nema. A nan maganar mai jinya ita ce doka. Amma kullum da safe in mun gama gyara shi ina karanta masa saƙonnin 'yan'uwa. Ki rubuto masa abin da zai kwantar masa da hankali."

Na ce ni ba na rubuta wa mai rai ta'aziyya.

Litinin, bayan la'asar

Ban rubuta ba. Ba kuma zan rubuta ba.

Laraba, da rana

Kawu ya zo kanti wai sayen man gwiwa. Man da na ba shi wancan satin ko rabi bai kai ba, na sani. Ya jingina sandarsa da kanta ya ce, "'Yar nan, layi biyu kawai. Na yafe maka, ka yafe mini, Allah Ya sa mu cika da imani. Shi ke nan."

Na ce Kawu, ai wannan kayan tafiya kake so in haɗa masa.

Ya ce, "Kowa matafiyi ne."

Na ce to ka riga shi mana, kai ne babba.

Allah Ya yafe mini, haka na ce wa ƙanin mahaifiyata. Mai kanti har ya leƙo daga ofis. Kawu bai yi fushi ba, girgiza kai ya yi ya ce, "Bakin uwarki sak." Ya ɗauki mansa ya fita, a ƙofa ya juyo ya ce, "Ita ma haka ta yi ta faɗa har ranar da babu wanda za ta yi da shi." Na koma kan aikina. Akwai mai jira.

Alhamis, da safe

To na rubuta. Suna son rubutu, ga rubutu. Na sa sunan maganin, da yadda yake aiki, da labarin direban nan da aka ce wa ya je gida ya jira, yau ga shi yana jan mota. Shafi cike, gaba da baya. Na kai bakin get na ba Sista hannu da hannu.

Alhamis, da yamma

An dawo mini da takardata. Sista ta ce a layi na biyu ya ɗaga mata hannu. A ƙasan takardar ya rubuta kalma biyu: Satar gida.

Ko a gadon jinya sai ya hura mini usur.

Rubutunsa ya karkace, baƙaƙen suna gangarowa ƙasa. Biron ne ba shi da kyau.

Asabar, da hantsi

Amarya, matar Rafali, ta zo gidana. 'Ya'yanta sun fi ta tsawo amma har yau Amarya nake ce mata, ita ma ta saba. Ta rame, zobenta har juyawa yake a yatsa. Na kawo ruwa ba ta sha ba. Na ce ke kika ɗaure masa gindi, da kin tsaya tare da ni da bai yi taurin kai ba.

Ban taɓa jin ta ɗaga mini murya ba, yau ma ba ta ɗaga ba. Ta ce, "Yaya, ke a kwali kike ganin magani. Ni a jikinsa na gan shi. Ni na riƙe roba yana yunƙurin amai babu abin da ke fitowa. Ni na kakkaɓe gashinsa daga filo. Ranar ƙarin ruwa na ƙarshe ya riƙe ƙarfen gado ya ƙi tashi, kamar yaron da za a kai makaranta ranar farko. Kin san abin da ya rubuta mini? Ina so in riƙa sanin ranar da nake ciki. A can bai san safe ba bai san yamma ba. A nan yana zama bakin taga, Auta ta dawo daga makaranta ta yi masa karatu, yana gyara mata."

Na ce likitan ya ce za a iya gwadawa.

Ta ce, "A jikin wa?"

Na tashi na shige ɗakin girki. Ba wai ta fi ni gaskiya ba ne. Tukunyata ce a kan wuta.

Lahadi, da yamma

Ban rubuta ba.

Litinin, da rana

Wata mata ta kawo takardar likita. Maganin aman nan ne, irin wanda na yi ta ɗaukar masa daga kan shiryayye na sama. Na mijinta ne. Ta kama hannuna ta ce, "Baiwar Allah, yana aiki kuwa?" Na ce yana aiki. Na nuna mata yadda ake sha, na sa mata a leda. Daga nan na shiga sito na tsaya tsakanin kwalaye har Mai kanti ya ƙwanƙwasa. Na ce warin kwali ne ya shiga idona.

Yana nan. Na tambayi Amarya jikin Rafali a waya. Yana nan.

Talata, bayan na tashi aiki

Ba gidan jinyar na nufa ba, motar ce ta bi ta wajen na ce a sauke ni. Na zauna a dakalin shagon ɗinkin da ke kallon get. Tagarsa ita ce ta ƙarshe, labulen a buɗe, amma daga nan ba a ganin komai sai fanka tana juyawa.

Sista ta fito za ta tafi gida, ta hango ni, ta tsallako ta zauna kamar mun yi da ita. Ta cire takalmi tana murza ƙafa. Na ce su sauran me suke rubuta masa?

Ta ce, "Addu'a da haƙuri. Yana ji, yana gyaɗa kai, barci ya ɗauke shi. Jiya ya rubuta mini wai duk sun yi masa rakiya tun bai sa takalmi ba."

Na yi dariya ban shirya ba. Wannan shi ne.

Ta ce, "Hajiya, da yana da lafiya ƙalau me za ki ce masa?"

Na ce zaginsa zan yi.

Ta ce, "To zage shi mana. Ni dai kada in ga sunan magani."

Ba don ita ta faɗa ba zan yi. Dama ina da niyya.

Asabar, bayan magariba

Yau na je filin ƙwallo. Tunda yaron nan ya fara hura usur ban taɓa zuwa ba, kullum cewa nake aikin banza ne, ƙato da kai kana bin yara da gajeren wando. Na tsaya a bayan raga da jakata kamar mai neman ɗanta.

Wanda ya karɓi usur ɗin wani mai tumbi ne da ba ya barin da'irar tsakiya. Ana cikin wasa wani mai jar riga ya tare ƙwallo da hannu ya buga ta shiga, a gaban idona. Mai tumbi ya ce ta ci. Ban san lokacin da na ce, Malam, idonka a aljihu ka bari? Fili ya ɗauki ihu. Wani ya ce mata me suka sani a ƙwallo. Sai wani tsoho a kan benci ya miƙe ya ce, "Kai, rufe bakinka, Yayar Rafali ce! Ba ka ji muryar ba?" Suka matsa mini na zauna. Suka ce yaya jikin nasa. Na ce yana nan.

Ga abin da na rubuta, gobe zan kai:

Rafali, na je filinka. Wanda ya gaje ka da tumbi yake alƙalanci, ƙafarsa ta amarya ce. Masu jar riga sun ci biyu da ɗaya, ɗaya daga cikin biyun da hannu, ni shaida ce. Layin gefe ya goge babu mai zuba farar ƙasa. Ragar da ke wajen makaranta ta yage, ƙwallo na wucewa ta ciki ana ta rantse-rantse. Tsofaffin benci sun ce in gaya maka tunda ka daina zuwa ba su samu wanda suke jin daɗin zagi ba. Daga Yayarka da ka kora, kuma ba ta roƙe ka ba.

Lahadi, da hantsi

Sista ta kira ni. Na ɗauka mummunan labari ne. Ta ce, "Hajiya, kin kusa jawo mini aiki. Ya yi ta dariya har tari ya sarƙe shi, sai da muka tayar da shi zaune. Ga amsa." Ta karanta mini: Hannun yana manne da jiki ko ya rabu?

Ina zan sani? Sai da na koma na nemo tsohon nan. Ya rabu. Na aika.

Amsa ta zo da yamma: To keta ce. Mai tumbi jaki ne.

Laraba, da safe

Kullum yanzu ina kai ɗaya kafin in wuce kanti. Ƙwallo ta ƙare mini, sai na koma kan mutane. Na ba shi labarin gwiwar Kawu da ke warkewa duk ranar da aka ce akwai ɗaurin aure. Na ba shi labarin Mai kanti da ya sayi sabuwar na'urar lissafi, ya kasa kunna ta, yana ɓoye littafin bayaninta a ƙarƙashin jarida. Na ce masa maƙwabcinsa ya fenta gida kalar maganin tari.

Kawu ya ji labari ya kira ni wai wannan ba saƙon majinyaci ba ne, a irin wannan lokaci tunatarwa ake yi. Na ce Kawu, masu tunatarwa sun yi masa yawa, layi suke bi. Ni aikin tsiya na ɗauka, kuma babu mai karɓe mini.

Amsoshin suna gajarcewa. Na jiya: Ƙara.

Alhamis, da rana

Daga ofishin likitan nan aka kira, wai suna tuna mana ranar Litinin. Na ce muna nan tafe.

Asabar, da yamma

Babu amsa yau. Sista ta ce hannun ne ya yi nauyi, amma ya ji, ya lumshe ido a wurin da ya kamata.

Litinin, da hantsi

Na shirya. Na yafa mayafi, na ɗauki fayil ɗin takardunsa, na fita bakin titi. Na ce ko ni kaɗai zan je in zauna gaban likitan, kada wurin ya tafi a banza. Mota ta tsaya, direba ya ce ina zuwa. Na tsaya ina kallonsa. Ya ce, "Hajiya, za ki ko ba za ki?" Na ce wuce.

A rubuta a ajiye: ban yarda ba. Har gobe ina cewa da an gwada. Amma jikin ba nawa ba ne.

Na koma na ajiye fayil ɗin a saman kwaba, na tafi kanti a makare. Mai kanti ya buɗe baki, ya kalli fuskata, ya rufe.

Laraba, da asuba

Yana nan.

Alhamis, da yamma

Amarya ta kira ina cikin awon maganin wani yaro. Ta ce, "Yaya, ki zo. Ya nemi allo. Ya daɗe yana fama, kalma ɗaya ya rubuta, ke ce."

Na bar kanta a buɗe. Saƙon gobe yana jakata, tun shekaranjiya nake rubuta shi ina yagawa.

Ɗakin yana nan yadda na bar shi, sai dai an matso da gadon kusa da taga. Kofi da ɗan soso na jiƙa leɓe a kan tebur. Zanen Auta a bango, ta zana shi da baki buɗe. Shi ne ba yadda na bar shi ba. Ba zan rubuta wannan ba.

Na ce an ce ka neme ni, da ƙyar na samu lokaci. Idonsa ya yi dariya. Sista ta miƙo hannu za ta karɓi takardar, na ce bar ta, ina da baki. Na ja kujera har gwiwata ta taɓa ƙarfen gado, na karanta:

Ƙanena, da kana jariri ba ka yarda da bayan kowa sai nawa. Ga nauyi, ga cizo, ga jan kitso. Ban taɓa sauke ka ba sai ka yi barci.

Har yanzu ina fushi, amma ba da kai ba. Da abin nan nake yi, kuma ba zan daina ba har in bar duniya. Wannan aikina ne, ka bar mini, kai ka huta da shi. Kai ba rago ba ne. Rago ba ya ce wa Yayarsa a'a.

Amarya ba ita kaɗai ba ce, ko tana so ko ba ta so ta samu ƙarfen ƙafa. Yara za su gama karatu ko da tsiya. Ranar da Auta ta girma, duk wanda ya zo nemanta sai ya bi ta kaina. Ka san me hakan ke nufi. Ka tausaya wa bawan Allah tun yanzu.

Ba ka bar komai a karkace ba. Ba a fili ba, ba a gida ba. In ka gaji ka yi barci. Allah Ya fi ni sonka, ko da yake da ƙyar na yarda da wannan. Ina nan bakin gado, babu inda za ni.

Muryata ba ta yi rawa ba. To, sau ɗaya.

Ya motsa leɓe. Ban gane ba, Amarya ta sunkuya, ita ta iya karanta bakinsa. Ta ɗago tana share ido tana dariya, ta ce, "Wai ki sake karanta wurin mai neman Auta."

Na sake. Ya laluba ya kama bakin mayafina ya dunƙule a hannu. A haka ya yi barci. Sista ta zo ta ce lokacin baƙi ya wuce. Na ce ni ba baƙuwa ba ce, kuma ga shi an riƙe ni. Ta kawo mini filo.

Asabar, da safe

Yana nan. Ina nan. Na jiƙa masa leɓe, na ba shi labarin mai tumbi an kore shi daga fili da jifa. Ƙarya ce, amma ya kamata.

Lahadi, da yamma

Yana nan. Numfashin yana tsayawa ya dawo. Kawu ya zo ya yi masa addu'a, na ce amin da ƙarfi fiye da kowa. Kawu ya kalle ni. Na ce mene ne, ni ma Musulma ce.

Talata, da safe

Saƙon yau yana cikin jakata. Ba a karanta ba.

Laraba, bayan la'asar

Gidansa cike da masu ta'aziyya, takalma har bakin titi. Tsofaffin benci sun zo, har da mai tumbi, ya durƙusa ya gaishe ni. Kowa ya shigo sai ya ce ya huta. Ina amsawa.

Auta na zaune a lungu kusa da firji. Duk wadda ta wuce sai ta dafa kanta ta ce yi shiru, kuka ba kyau, addu'a yake so. Yarinyar tana ta haɗiyewa, wuyanta har motsi yake, ta cije bakin hijabinta. Na tashi na kama hannunta na ja ta ɗakin girki, na kori masu wanke-wanke, na rufe ƙofa na jingina bayana da ita.

Na ce yi. Ubanki ne. Ni ce a bakin ƙofa, in ga wanda zai hana ki.

Ta yi. Aka ƙwanƙwasa, na ce muna aiki. Aka sake, na ce na ce muna aiki.

Can ta ɗago fuska jiƙe ta ce, "Goggo, ke fa?"

Na ce ni sai kin gama.

Ba ta gama ba na fara.